Sawu Biyu a Hasumiyar Sentul

Hazon safiya bai gama tashi daga tsohuwar ma'aikatar jiragen ƙasa ta Sentul ba aka tsinci gawar Kyaftin Bintu, likitar jirgin sama mai suna Shamuwa, a gindin hasumiyar da ake ɗaure jirgin. Tana kwance rub da ciki a kan tsakuwa, takunkuminta na tagulla ya lotse ta gefe guda. Duk wanda ya ɗaga kai ya dubi tsawon hasumiyar ya san daga inda ta faɗo. Abin da ba a sani ba shi ne, faɗowa ta yi ko turo ta aka yi.

Annoba ta riga ta daɗe a Kuala Lumpur a lokacin. An datse tituna da waya mai ƙaya, kantunan yadi na Jalan Tuanku Abdul Rahman duk a garƙame, sai kuliyoyi ke kwanciya a bakin ƙofofinsu. Abinci da magani da tukwanen oksijin duk ta sama suke tafiya, a cikin jiragen tururi masu ƙaton ciki kamar kifi, waɗanda ke tsayawa a saman gidajen da aka killace su zura kaya da igiya. Shamuwa na sojojin Najeriya ne da suka zo horo annoba ta tare musu hanyar gida. Kamar sauran jiragen rundunar, mata ne ke riƙe da shi tun daga kwamanda har matuƙiya.

Hedikwata ta aiko Sajan Ɗelu, mai bin sawu. A dajin Gombak take aiki, tana nemo waɗanda suka gudu daga killacewa suka ɓata a cikin kurmi. 'Yar maharbi ce daga Birnin Gwari, kuma ba ta tsoron daji ko maciji. Abu biyu take tsoro a duniya, tsawo da wannan ciwo, ga shi an kawo ta inda duka biyun suke jiran ta.

Ta tarar da ma'aikatan jirgin tsaye a fili, kowa ya ba ɗan'uwansa tazara fiye da yadda doka ta ce. Babu mai kallon gawar. Juna suke kallo ta saman takunkumi. Inuwar Shamuwa ta rufe su duka, igiyoyinsa na ƙara a hankali duk sanda iska ta motsa.

Ɗelu ta tsuguna a ƙofar hasumiyar. Hayaƙin ma'aikata yana zubar da tokar kwal a kan matakalar ƙarfen kullum, kuma ba kasafai ake hawanta ba, don da kwandon ɗagawa ake shiga jirgin. Tokar ta kwanta luf kamar an barbaɗa gari. Sawu uku ta gani. Ɗaya na ƙaton takalmin mai zuba kwal. Biyu na takalmin hafsoshi, girmansu ɗaya, sun hau ɗaya bayan ɗaya. A cikin biyun, guda ɗaya ne kawai ya sauko.

Ta ɗaga kai ta bi matakalar da ido tana murɗewa zuwa sama, ƙarfe zalla, ana hango sararin samaniya ta tsakankaninsa. Ta ce wa kanta bari ta fara jin ta bakin mutane tukuna, ta sa aka ɗaura igiya a ƙofar, kada kowa ya taka.

*

Ofishin kwamanda wani tsohon tarago ne da aka cire wa ƙafafu. Tagogi a rufe, ɗakin na ƙamshin man zafi. Manjo Khaulah na zaune a bayan tebur, doguwar mace, rigarta ta soja a ɓalle har wuya. A nan ƙasar aka haife ta, mahaifinta malamin jami'a ne, Hausarta tana da ɗan lanƙwasar mutanen garin.

"Zauna, Sajan. Kin yi makan? Kin karya?"

"Ban samu ba, ranki ya daɗe. Da asuba aka taso ni."

Manjo ta tura mata kofin shayi mai kumfa. Ɗelu ta yi jim, yunwa ta rinjaye ta. Ta sauke takunkuminta ta kurɓa. Manjo ba ta sauke nata ba.

"Da la'asar Shamuwa zai tashi. Oksijin. Unguwar Taman Melati." Magana take yi gajeru-gajeru, irin ta wadda ta saba ba da oda. "Ki gama kafin nan. Boleh? Zai yiwu?"

"Zan yi ƙoƙari. Na ji ana ambaton wani Zahraddeen, mai zuba kwal, a waje."

"Zafin kai gare shi. Ba ya kisa." Ta gyara takunkuminta. "Matakalar nan da santsi. Da raɓa. Mutum kan zame."

"Haka ne, ranki ya daɗe. Amma hafsa biyu ne suka hau."

Manjo ta dube ta har sai da Ɗelu ta sauke ido.

"Mu uku ne hafsoshi. Ni, da marigayiya, da Laftanar Hanan. Takalminmu daga sito ɗaya."

"Ina kike bayan sallar asuba?"

"Nan. Ni kaɗai."

Ɗelu ta shanye shayin, ta mayar da takunkumi, ta sara mata, ta fita.

*

Kofur Ashafa, mai gadin hasumiyar, dattijo ne mai furfura a gira. Yana magana yana murza carbi a aljihu.

"Na idar da salla ke nan na ga hafsa ta shiga ƙofar. Doguwar kwat, takunkumi. Can kuma sai wata ta bi ta. A cikin wannan hazon ko uwata ce ba zan gane ta ba."

"Ba ka tsayar da su ba?"

"Ni kofur, in tsayar da hafsa? Na zagaya baya in buɗe wa motar kwal ƙofa. Ina can na ji tim. Na ɗauka buhu ne ya suɓuce." Ya murza carbin. "Sai da gari ya yi haske na gan ta."

"Wadda ta sauko fa?"

"Ban gani ba." Ya matso, ya tuna, ya ja da baya. "Sajan, wasu na cewa ciwon ne ya kama likita, ta ga babu mafita ta faɗo da kanta. In haka ne, jiya da hannunta ta taɓa goshin kowa a sansanin nan."

"Me ya sa ta taɓa goshin kowa?"

"Oho. Haka ta yi ta bin mu da ma'aunin zafi, fuskarta a ɗaure."

Ɗelu ta dubi tafin hannunta. Ita ma ta taɓa gawar ɗazu, ta juya ta da hannunta.

*

Abokan aikinsa sun kulle Zahraddeen a rumbun kwal tun kafin Ɗelu ta iso. Ƙato ne, ɗalibin injiniya da kwalejinsa ta rufe ya shiga aikin sa-kai. Da aka buɗe ƙofar ya miƙe zumbur, idanunsa jajur.

"Abeg, Sajan, wallahi ban taɓa ta ba. Mun yi faɗa, eh, kowa ya ji. Amma a kan abinci ne."

"Wane abinci?"

Ya sunkuyar da kai. "Akwai kedai, shagon abinci, na wani mamak, Ba'indiye Musulmi, a bayan katanga. In na hau hawa na farko na hasumiya sai in zura igiya, ya ɗaura min tapau, ƙunshin abinci. Jiya da yamma ta kama ni. Ta ce zan shigo mana da ciwo, za ta sa a killace ni. Ni kuma na faɗa mata maganar da bai kamata ba."

Ɗelu ta riga ta san sawunsa na jiya ne. Tokar dare ta sake kwanciya a kansa, bakinsa ya dushe, na hafsoshin kuwa sabo ne fil, a kan nasa suka taka. Amma ba ta gaya masa ba. Idan ta sake shi yanzu, mai laifin zai san ido ya bar kan Zahraddeen.

"Da wa kuma likita ta yi faɗa?"

Ya leƙa ƙofa. "Da na je ba ta haƙuri bayan magariba na ji murya a ɗakin magani. Laftanar Hanan ce. Tana cewa, in kika kai maganar nan sama kin kashe ni."

"Za ka ƙara zama a nan kaɗan."

"Za su rataye ni, Sajan. Kin ga yadda suke kallo na?"

"Na gani. Shi ya sa na ce ka zauna a ciki."

*

Ta sami Laftanar Hanan, matuƙiyar jirgin kuma mataimakiyar kwamanda, a ƙarƙashin kwandon ɗagawa tana duba tukwanen oksijin da ake lodi. Siririya ce, gumi ya jiƙa wuyan rigarta, hannunta a kan sarƙa. Ɗelu ta tsaya nesa fiye da yadda ta tsaya da sauran.

"Wace magana ce ba kya so likita ta kai sama, Ma?"

Hanan ta saki sarƙar. Ta nuna idonta na hagu.

"Tururi ya buge ni a wata tafiya. Tun daga nan dishi-dishi nake gani da shi. Bintu ta gano. In hedikwata ta ji, na bar sitiyari ke nan har abada. Na yi mata ihu, ban musa ba. Ta ce min in kwantar da hankalina, tana da abin da ya fi idona damun ta."

"Mene ne?"

"Cewa ta yi akwai mai yi mata ƙarya a sansanin nan. Ba ta faɗi suna ba."

"Bayan asuba ina kike?"

"Bayi. Cikina ne ya ɓaci." Ta goge goshinta da bayan hannu. "Babu shaida, in shi kike nema."

Ɗelu ta dubi takalminta, ta dubi gumin. Can gabas, ta wajen tuddai, hadari ya fara haɗuwa baƙi ƙirin. In ruwan azahar ya sauka zai wanke matakalar tas. Ba ta da sauran wanda za ta fake da tambayarsa.

*

Ta cire takalminta ta rataya a wuya, ta hau da safa, tana bin gefen bango na ƙarfe don kada ta taka sawun. Ta hana idonta kallon komai sai toka.

Sawun farko na likita ne, ta gane shi da ƙusar da ta fita a dunduniyar takalmin gawar. Ya hau kai tsaye, da sauri, kan yatsu. Na biyun ya biyo shi da sauri shi ma, amma a hawa na biyu ya canja. Taku ya gajarta. Ƙafa ta fara ja, tana share bakin matakala. A dandamalin hawa na uku sawun ya tsaya cak, ƙafafu biyu a haɗe suna fuskantar ƙarfen dafawa. A kan ƙarfen akwai shatin tafin hannu biyu, a tsakaninsu kuma wani ɗan wuri da aka goge, daidai inda mutum zai kifa goshinsa.

Ɗelu ta ɗauka laɓewa mai sawun ta yi. Amma a dandamali na gaba ma haka, da na gaba. A ɗaya ma har gwiwa ta kai ƙasa.

Ta taɓa ganin irin wannan tafiya. Tana yarinya ta bi mahaifinta bayan wani gwanki da kibiya ta sama a haƙarƙari. Gudu kaɗan, tsayuwa, gudu kaɗan, durƙuso. Tsohon ya nuna mata wurin ya ce ƙafarsa lafiya lau, numfashi ne ya ƙare masa.

Iska ta kaɗa hasumiyar, ƙarfe ya yi kuka. Ɗelu ta rungume ginshiƙi, ta rufe ido har abin ya lafa, sannan ta rarrafa sauran hawan.

A can ƙoli, dab da hancin Shamuwa, akwai sandar tuta da akwatin tutoci. Akwatin a buɗe yake. Tuta rawaya, wadda ake ɗagawa in annoba ta shiga sansani don kada jirgi ya tashi ko ya sauka, tana reto a jikin igiya, kunne ɗaya a ɗaure, ɗayan a sake. A ƙasa toka ta hargitse, sawu kan sawu, har zuwa inda ƙarfen kariya bai wuce cinyar mutum ba.

Ɗelu ta zauna dirshan. Likita ba ta da ciwo, tafiyarta ta nuna. Ta hau ne ta tona ciwon wani. Wadda ta biyo ta kuwa huhunta ya riga ya ci, kuma tana can ƙasa yanzu a cikin mutane, tana numfashi. Ta tuna gumin Hanan. Ta yi ƙoƙarin tuna ko iska daga wajen Hanan take busowa lokacin da suke magana, ta kasa.

Ɗigon ruwa na farko ya faɗo mata a hannu.

*

Ta tara su a gindin hasumiyar, Manjo Khaulah da Laftanar Hanan da Kofur Ashafa da Zahraddeen, sauran ma'aikata kuma suka yi da'ira daga nesa. Yayyafi ya fara, tsawa na gunji a bayan gari.

"Zahraddeen ba shi da hannu," in ji Ɗelu. "Sawunsa na jiya ne, kuma bai wuce hawa na farko ba. Sauran bayanin yana sama. Ina roƙon hafsoshi su hau tare da ni su gani da idonsu kafin ruwa ya tafi da shi. Kofur da Zahraddeen su biyo mu a matsayin shaidu."

"Ki faɗa a nan," in ji Manjo.

"Ba ya faɗuwa, ranki ya daɗe, sai an gani. Kuma hedikwata ta ce wurin nan a hannuna yake har in gama."

Hanan ta dubi saman hasumiyar, ta dubi Ɗelu. "Da gudu ko a hankali?"

"Yadda kuka saba, Ma. Ba tsayawa."

Manjo ta gyara zaman hularta. "Sansanina ne. Ni ce gaba."

Suka fara hawa. Manjo a gaba, Ɗelu a bayanta, sannan Hanan. Ɗelu ta bar kunnenta a baya, tana jiran numfashin Hanan ya karye. Hawa na farko ya wuce. Hanan na taka matakala tana ƙunƙuni a kan santsi, numfashinta daidai.

A hawa na biyu ne Ɗelu ta ji sautin. Wani siririn fito, kamar na butar shayi da ta kusa tafasa, yana fita ta ramukan takunkumin tagulla. Daga gabanta yake fitowa.

Ta ɗaga ido. Bayan Manjo a miƙe yake kyam, kafaɗunta ba su sauka ba. Amma takalminta na dama ya fara share bakin matakala.

Ɗelu ta tuna tagogin taragon a rufe. Ta tuna ƙamshin man zafi, da gajerun maganganu, da kofin da aka turo mata, da yadda ta sauke takunkuminta ta zauna tana shaƙar iskar ɗakin. Ta so ta juya ta sauka a guje, amma mutum uku ne a bayanta, matakalar kuma ta mutum ɗaya ce.

Manjo ta kai dandamali na uku. Ta ɗaga ƙafa za ta wuce, ƙafar ta ƙi. Ta juya ga ƙarfen dafawa, ta kama shi da hannu biyu, ta kifa goshinta, tafukanta suka sauka a kan shatin da ke wurin tun asuba. Tarin da ta danne tun safe ya ƙwace mata, mai zurfi, kamar ana yaga tsumma.

Ashafa ya yi salati ya ja baya har ya kusa ture Zahraddeen. Hanan ta tsaya ƙiƙam, hannunta a kan takunkuminta.

Da tarin ya lafa Manjo ta zame ta zauna a kan ƙarfe. Ruwa ya fara sauka sosai.

"Tun yaushe, ranki ya daɗe?" in ji Ɗelu.

"Tun Juma'a." Ta ja iska. "Jiya na ƙi ta auna ni. Da asuba ta shigo. Ta taɓa wuyana. Ba ta ce komai ba. Ta fita."

"Kika bi ta."

"Innata tana Taman Melati. Inno. A benen da za mu kai wa kaya. Tukunyar oksijinta ta kusa ƙarewa." Ta sake tsayawa. "Na ce, Bintu, ki bari mu kai, mu dawo, ki ɗaga duk tutar da kike so. Ta ce kwana nawa ina shaƙa wa mutanenta ciwo. Ta ce wani jirgin zai kai. Na ce yaushe? Na kama igiyar. Ta ja, na ja."

"Sai ta faɗi?"

Manjo ta ɗago ta dubi Ɗelu. Da ta ce eh, babu sawun da zai ƙaryata ta.

"Na ture ta, Sajan. Da hannu biyu. Ban yi nufin ta wuce ƙarfen ba. Amma na ture ta." Ta kwance ɗamarar takobinta da ƙyar, ta miƙa ta baya ba tare da ta juya ba. "Laftanar. Jirgi naki ne."

Hanan ba ta karɓa nan da nan ba. Da ta karɓa, da bakin rigarta ta riƙe.

"Zahraddeen, hau ka ƙarasa ɗaure tutar. Kofur, sauka ka buga wa hedikwata waya, ka ce Shamuwa ba zai tashi ba, a aiko jirgin da zai ɗauki kaya. Kowa ya koma ɗakinsa ya rufe ƙofa." Hanan ce yanzu ke ba da oda.

*

Jirgin wata rundunar 'yan ƙasa ya iso da ruwa ya ɗauke. Bai sauka ba, ƙugiya ya zuro ya kwashi tukwanen, kafin magariba sun isa Taman Melati.

An killace sansanin gaba ɗaya a tsohon rumbun gyaran injuna, an raba gadaje da labulen tamfol. Gadon Ɗelu na jikin na Manjo, soja mai bindiga na tsaye a ƙofa, ko da yake wadda ake gadin ba ta iya zuwa bayi da ƙafarta.

Zazzaɓin ya zo wa Ɗelu kamar yadda ta zata. Ta kwanta tana sauraron ƙirjinta, duk jan numfashi sai ta tambayi kanta ko ya kai na ɗazu. Abinci ya zama kamar takarda a bakinta. Wani lokaci ta kan farka a firgice ta rasa fiton da take ji nata ne ko na bayan labule.

Wata safiya muryar Manjo ta zo daga bayan labulen, ƙasa-ƙasa.

"Sajan. Tukwanen sun kai?"

"Tun ranar suka kai, ranki ya daɗe. Kafin magariba."



"Ranar," in ji Manjo. Sai kuma can, "Haka kuwa Bintu ta ce."

Manjo ta ja iska ta ci gaba.

"Manyanmu za su ce wa Inno ciwo ne ya kashe ni. Za su ce Bintu zamewa ta yi. Haka suke yi. Amma sansani duka ya ji. Zai kai mata." Numfashi. "Kada ta tsinta a bakin mutane. Ke kika gani. Ke za ki faɗa mata. Duka."

"Ni baƙuwa ce a wurinta."

"Shi ya sa."

Manjo ba ta kai ga kotun soja ba. Ɗelu na jin lokacin da fiton ya tsaya, ana kiran sallar azahar a masallacin bayan katanga.

*

Sai da aka cire waya mai ƙaya daga Taman Melati sannan Ɗelu ta sami zuwa. Ta rame, kakinta ya yi mata yawa. A ƙofar benen matan Hausa na shanya kaya, suka bi ta da kallo, wata ta nuna mata ƙofar ba tare da ta tambaye ta wa take nema ba.

Tsohuwar da ta buɗe ƙarama ce, fara, ta dafa bango da hannu ɗaya. Ƙashin wuyanta duk ya fito, amma tana tsaye da ƙafarta. A jikin zanenta wata yarinya ce 'yar kimanin shekara huɗu ta maƙale, an yi mata kitso sabo, tana tsotsar yatsa.

"Sannu, Hajiya. Sunana Ɗelu. Daga Sentul nake."

"Lale, 'yar nan. Shigo. Ke ma kin sha jiki, na gani a idonki."

Suka gaisa, Ɗelu ta yi mata ta'aziyya, ta zauna a bakin tabarma. Yarinyar ta leƙo ta dubi kakin, ta ce wani abu da Malayanci, ta ɓuya.

"Tambaya take ko kin zo da mamanta," in ji Inno. "Duk mai kaki sai ta tambaye shi. Afnan ke nan, 'yar Bintu. Uban yana Kano, hanya ta rufe da shi. Tun da aka kira su aiki uwar ta kawo min ita. Ai Bintu a ɗakin nan ta yi rabin girmanta, ita da Khaulah kwano ɗaya suke ci. Da nake kwance yarinyar nan ce ke miƙo min ruwa." Ta shafa kan Afnan. "Allah ya karɓe min su biyu a wata ɗaya, ya bar min wannan."

Ɗelu ta dubi yarinyar. A kan hanya ta shirya yadda za ta fara, yanzu ko kalma ɗaya ba ta tuna ba. Ƙofa na bayanta a buɗe. Tana iya shan ruwa, ta yi addu'a, ta tashi, babu wanda ya san alƙawarin sai ita da wadda ke cikin ƙasa. Daga tsakar benen ta jiyo muryoyin matan sun yi ƙasa, irin yadda murya ke yi in ana maganar gidan da baƙo ya shiga.

"Hajiya," ta ce, "Manjo ta ba ni saƙo in kawo miki da bakina. Ba na kunnen yara ba ne."

Inno ta dube ta, ta daɗe tana dubanta. Hannunta ya tsaya a kan kitson yarinyar.

"Afnan, je ki gidan Anti Hannatu ki ce ta ba ki kuih, wainar nan mai zaƙi. Ki zauna can sai na kira ki."

Yarinyar ta fita da gudu, takalminta na ƙara a baranda. Inno ta tashi da kanta ta rufe ƙofar, ta sa sakata. Ta dawo ta zauna daf da Ɗelu, ta gyara mayafinta, ta ɗora hannuwa a kan gwiwa.

"To, 'yar nan. Ina jin ki."